Garmar Baba

Da la'asar Baba ya ɗauke ni zuwa maƙera a garin Isa, garmarmu ɗaure a bayan babur. Ɓarayi sun kore bijimanmu, saura karsana ɗaya. Bindigar toka mai dutsen ƙanƙara yake nema, mafi araha, amma kuɗinsa ba su kai ba. Ya sauke garmar gaban maƙeri a matsayin cikon kuɗin.

Maƙerin ya shafa bakinta. "Malam, damina ta kusa. Da mi za ka huɗa?"

"Da waɗanne shanu?" in ji Baba. "Ba ni bindigar in tsare wadda ta saura."

Ni na rungumo bindigar har gida, tana warin albarushi. Har yau in na ji warin nan, kafaɗun Baba nake gani suna rawa a gabana kan babur, bai ko waiwayo ba.