Buhun Yashin Radim

Lubor ya durƙusa gaban tsohuwar motar tseren, yana rage iskar taya kaɗan-kaɗan. Buhun yashi ne zaune a kujerar direba. Shekara talatin haka yake saita ta: buhu mai nauyin Radim direbanta, iska daidai nauyin buhun.

Radim ya iso cikin ƙatuwar rigar sanyi, ga rana tana dukan filin tseren birnin Brno.

"Kai tsohon banza, iskar ma tsiminta kake? Ƙara min! Jiya rabin agwagwa na tashi da shi."

"Shiga ka ba mu wuri, tulu," in ji Lubor, ya sauke buhun.

Da motar ta sha kwana, Jarmila matar Radim ta matso.

"Lubor, ciwo ya cinye shi. Likita ya ce da wuya ya ga hunturu. Ya rantsar da ni kar in gaya maka."

Lubor ya saurari tasa zuciyar, bai ji labarin ya motsa ta ba. Ya ci gaba da goge ma'aunin iskar.

"Magana fa nake!"

"Na ji. Tun bara na sani, tayoyin sun daina ɗaukar zafi a ƙarƙashinsa don ya rame. Duk tsere sai na kwashe wani yashin daga buhun, iskar ta yi daidai da nauyinsa, kar motar ta watsar da shi."

"To ai da safe na ga buhun cike."

"Eh," ya ce. "Ina kwashewa, shi yana fakar idona yana mayarwa."