Hancin da Malam Batir Ya Ƙera

Malam Batir ya fesa turare a wuyan rigarsa, ya jefa kanumfari a baki, sannan ya fito daga siton ɗakin gwaji yana takun salihan bayi. Ɗalibai ne suka raɗa masa wannan suna, don ko agogo ne ya tsaya, ko fitila ta mutu, ko yaro ya kasa lissafi, tambayarsa ɗaya ce: "An duba batir?"

Tun bara likita ya ce ƙirjinsa ya gaji da sigari. A gaban mahaifiyarsa ya rantse wa matarsa ya daina. Ita kuwa ba mai dogon zance ba ce. Ta ce duk ranar da ta kama shi za ta kwashe yara su koma wurin tsohuwar, ya zauna shi da hayaƙinsa. Ya san halinta, za ta aikata. Don haka ya daina sha a gida, ya daina a hanya, ya daina ko'ina, in ban da wannan sito mai 'yar taga da tulin tsofaffin kwalaye.

A wannan zangon yana koya wa aji yadda ake ƙera na'ura da sensa, wato ɗan abin nan mai jin zafi ko haske ko motsi ya sanar. Bai yarda da aikin kan allo kaɗai ba. Ya ce su fita su nemo mutum na gaske mai matsala ta gaske, su saurare shi, kada su yi masa gardama, kuma su riƙe sirrinsa ko da za a yanka su.

Bayan 'yan kwanaki Monita, yarinya mai idon da ba ya ƙiftawa, ta miƙe ta ce sun samu. Wata mata ce ke son abin da zai gano hayaƙi a wani ƙaramin ɗaki da take tsoro a kansa.

Malam ya ƙara jefa kanumfari a baki. Duk sensar da ke duniya, ta ruwa, ta haske, ta ɓarawo, a rasa wadda za a kawo masa sai ta hayaƙi. Amma da Monita ta zayyano sharuɗɗan matar, sai son aiki ya danne tsoro. Kada abin ya yi ƙara, saƙo kawai zai tura zuwa waya. Kada ya wuce kwalin ashana girma. Kuma komai ƙanƙantar hayaƙin, ya ji shi.

"Wannan baiwar Allah ta san abin da take so," in ji shi. "Da haka mutane suke, da injiniyoyi sun huta."

Ya zage damtse. Na'urar farko da yaran suka haɗa, sai an ƙona rabin jarida take farkawa. Ya ce wannan ba hanci ba ne, mura ce, a sake. Ya koya musu dalma, ya sa suka canza sensa, suka gwada, suka lalata, suka sake gwadawa. Da kansa ya miƙa wa Monita makullin sito don ta daina katse shi duk lokacin da ake neman waya ko tsani. A gida ma abin ya yi albarka. Matar da ba ta taɓa tambayar me yake koyarwa ba, yanzu tana zuba masa shayi tana cewa, "Yaya aikin yaran naka?" Sai ya baje kolin bayani, tana gyaɗa kai. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya ce a ransa ashe mutane na canzawa.

Matsalar ita ce ranar gwaji a gaban hedimasta da malamai. Shi ya san hancin da ya ƙera, kuma a cikin malaman akwai wadda bakinta ba ya rufuwa, ga ta maƙwabciyarsu. Tun jajibiri bai kusanci sito ba. Ya sa sabuwar riga, ya tauna kanumfari har harshensa ya mutu, ya tsaya can bakin ƙofa.

Monita ta ƙona ɗan zare daga nesa. Wayar hedimasta, wadda aka saita don gwajin, ta yi motsi nan take. Aka tafa. Hedimasta, da yake shi ma yana jin kansa a fagen barkwanci, ya ce, "Malam, matso ka hura mata mu gani ko tana jin numfashi."

Aka yi dariya, ban da mutum ɗaya. Ya tako kamar mai zuwa wurin cire haƙori, ya sunkuya, ya hura kaɗan. Wayar ta yi shiru. Ya hura da ƙarfi. Shiru. Bai taɓa son wata na'ura irin yadda ya so wannan a lokacin ba.

Da aka dawo daga hutun tara Monita ta ce sun saita lambar mai aikin, sun kuma liƙa abin inda ta ce. Ya tambayi ina ne, ko zai leƙa ya duba.

"Malam, ai kai ka ce sirri."

Ya shafa gemu cikin alfahari. Tarbiyya ke nan.

Ana tashi daga makaranta ya faɗa sito, ya turo ƙofa, ya zauna kan kwali ya miƙe ƙafa. Ya ƙyasta ashana, ya ja zuƙa mai tsawo, irin ta wanda ya tsallake rijiya. Bai gama fesarwa ba wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka da muryar mutumin kirki.

"Baban yara," in ji matarsa a natse, ana jin ƙarar jan akwati a bayanta, "kashe ta. Kuma ka gaya wa ɗalibanka mai aikin ta gamsu."