Wanda Aka Ba Mataimaki

"Hajiya, don Allah a ɗauke mini mutumin nan da aka haɗa ni da shi," in ji Malam Khalilu mai kula da sito.

Hajiya Tahira ba ta ɗago kai ba. Ita ce shugabar sashen ma'aikata a kamfanin casar shinkafa da ke bayan Ɗambatta, kuma kowa ya san salonta. Ba ta korar mutum kai tsaye. Mataimaki take ba shi, ya koya masa aikin da hannunsa, ranar da mataimakin ya ƙware a sallami maigidan. Haka aka yi wa direba, haka aka yi wa mai awo.

"Taimako ne, Malam. Shekaru sun ja."

"Na san irin taimakon."

"Mai hankali ba ya jira rijiya ta ƙafe kafin ya haƙa wata. Ni na kawo wa Alhaji mai kamfani tsarin nan, ya ce bai taɓa jin dabara irinta ba." Ta juya ga matar da ke zaune gefenta. "Safara'u, kina gani ko? Ba hayaniya."

"Ina gani, Hajiya."

Tun farkon damina Safara'u take gani.

Khalilu ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya yana duban matar.

"Hajiya, ita wannan wa ya kawo miki ita?"

"Alhaji mana. Ya ce aiki ya yi mini ya..."

Maganar ta maƙale. Ta waiwaya a hankali.

Safara'u ba ta ɗago kai ba.