Gadar Kancanaburi

Sau biyu Habsa tana juye guga a randar da ta riga ta cika. Hannunta na wurin aiki, kunnenta na gindin darbejiya, inda aka shimfiɗa tabarmi.

Ranar Lahadi ce, kasuwar Filinge ta fara watsewa, kowa ya biyo ya ga mijinta Tahiru. Da hantsi ya iso. Duk unguwa ta san shekarun nan yana ƙasar Tailan, yana yi wa Alhaji Manzo sayen shinkafa. Habsa ba ta jira shi a tasha ba. Tun a garin Tabla, kan hanyar Yamai, ta tarbe shi, da wata naɗaɗɗiyar takarda a cikin jakarta, suka ƙarasa tare a bayan mota, kai haɗe da kai. Mata suka yi ta yi mata dariyar zumuɗi.

Ya rame ƙwarai. Abincin can ne bai karɓe shi ba, in ji Habsa, tun kafin a tambaya.

Inna Haske, mahaifiyarsa, tana jingine da filo, ta riƙe gefen rigarsa gam. Likita ya faɗa wa Habsa tun tuni cewa zuciyar tsohuwar ba za ta ɗauki tashin hankali ba, ko kaɗan ne. Abin da Habsa ke roƙo ke nan: taron nan ya watse lafiya, Inna ta kwanta da murnarta.

"Auta, ba su labarin ruwan nan," in ji Inna.

Tahiru ya gyara murya. Ya ce a lardin Kancanaburi akwai ruwa mai gangarowa daga dutse hawa-hawa, kore shar, kifaye na zagaya ƙafar mutum. Ya ce akwai kogo mai ɗakin ibada a cikinsa, masu ibadar sun aske kai, suna yafe da ƙyalle ruwan goro. Akwai giwaye da ake yi wa wanka a kogi kamar yara. A bakin randa, leɓɓan Habsa na motsi tare da nasa, wani lokaci ma suna riga shi.

Sai ga Sarjan Ibrah ya dogaro sanda. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Indoshin, can maƙwabtan Tailan, a zamanin Faransa, kuma ba matafiyin da ya taɓa ba da labari a gabansa bai ci gyara ba. Ko alhazai kauce masa suke yi.

Ya zauna, ya ƙare wa Tahiru kallo: wuyan hannu, idon da ke ƙyafƙyafta a hasken yamma, da yadda ya zaɓi zama bayansa manne da katanga. Ya dubi sabon akwatin da ke gefe, ko ƙwarzane babu.

"Ɗana, ruwa da giwa kowa ya san su," in ji shi. "Gadar hwa? Ko ba ka kai can ba?"

"Na kai, Baba. Baƙa ce, ta ƙarfe. Jirgin ƙasa na bi ta kai."

"Wa ya gina ta?"

"Fursunonin yaƙi."

"Yaya sunka gina ta?"

Tahiru ya dubi Habsa. Habsa ta ɗauki kwanon fura ta nufo tabarma, tana neman abin da za ta katse zancen da shi. Kafin ta iso ya fara magana, da wata muryar da ba ta san shi da ita ba.

Ya ce ana fito da su tun kafin rana ta ɓullo, a jera su biyu-biyu. Dutsen farko da mutum zai ɗauka ba ya da nauyi, sai na goma. Wanda ya faɗi ba a ɗaga shi, domin duk mai ɗagawa zai sha duka tare da shi. Suna ɓoye ɓawon tuwo a ƙugu. Da rana ba wanda ke tuna gida, gida na karya gwiwa. In an kulle ƙofa, sannan kowa ya juya wa bango fuska ya kira sunan uwarsa a hankali.

Habsa ta tsaya da furar a hannu. Wannan ba ta taɓa jin sa ba. Ta dubi ƙirjin Inna yana hawa yana sauka da sauri.

"Wayyo, 'ya'yan mutane," in ji Inna. "Kai ina ka ji duk wanga?"

Idanu duka suka koma kan Tahiru.

Sarjan Ibrah ya buga sanda a ƙasa. "Masu rakiyar baƙi ka faɗin haka a bakin gadar, Haske. Ni ma na ji da kunnena. Yaron ga ya tai, ya gani." Ya miƙe, ya dafa kafaɗar Tahiru, ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Rabon da a ji ya gaskata wani, har an manta.

Numfashin Inna ya sauka. Ta sha fura, ta sa albarka, gyangyaɗi ya ɗauke ta tana murmushi.

Da mutane suka watse, Habsa ta zaro naɗaɗɗiyar takardar nan. Kalandar shagon Alhaji Manzo ce, mai hotunan Kancanaburi, wadda a kanta ta koya wa kanta karatu, harafi bayan harafi, don ta samu abin gaya wa Inna. Ta tura ta cikin murhu.

Da ta waiwayo, Tahiru na tsaye a ƙofar ɗakinsu, hannuwa a baya, kai a sunkuye, yana jira.

"Shiga, maigida," ta ce a hankali. "Nan ba sai an buɗe maka ba."

Domin tun ranar da sojoji suka ɗauke shi a Yamai, Tahiru bai taka ko'ina ba a duniya sai tsakar gidan kaso, kuma Tailan ɗinsa duka a bayan mota ya haddace ta, tsakanin Tabla da Filinge.