Tabon Da Na Ce Ta Rufe

Da hannuna na kai wa wadda zan aura kwalbar fandeshan ta kwalliya, na ce ta rufe tabon ƙunar da ke kuncinta kafin mu je gaida Gwaggo.

Ta zauna gaban madubi, ta ɗiga a soso, tana dannawa a hankali har fuskar ta yi sumul.

Ta dube ni ta cikin madubin. "Yanzu na isa shiga gidanku?"

Kunya ta rufe ni. Na jiƙa hankicina na miƙa mata.

"Goge, don Allah. Ki yafe mini."

Ta goge tsaf, tabon ya fito.

"Je ka gaya wa Gwaggo yadda nake tukuna, Malam. In bakinka ya iya faɗa, ka dawo."