Jinin Ɓera

"Nisa ne ya raba mu, ba ni ba," in ji tsohon saurayinta, yana tsaye a ƙofar ɗakin bincike, turarensa na kokawa da warin kejin ɓeraye. Tun da ta tafi karatu ya ɗauke ƙafa, ko waya babu. Yau da hotonta ya fito a jarida, ga shi ya dawo da maganar aure.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta taɓe baki, ta ɗago wani ɓera mai jajayen kunnuwa.

"Ka ga wannan? Ƙwayar halittar da ke rina jininsa ja ba ta iya farkawa da kanta. Makunninta yana can nesa a kan zaren gadon halitta da ke jikinsa. Sai zaren ya lanƙwasa kansa har su taɓa juna. Ɓera ma bai ɗauki nisa uzuri ba, malam."

Ya yi dariyar yaƙe. Ta nuna masa wani ɓeran a lungun keji, wanda ya ɗashe fat, yana numfashi da ƙyar.

"Shi kuma mun yanke masa makunnin. Ƙwayar tana nan lafiya, amma ta yi shiru."

Fuskarsa ta washe. "Allah sarki, gimbiyata! Haka kika koma da na tafi, ko?"

Ta cire safar hannu, ta ja fatar idonta ƙasa yadda ake duba jinin marar lafiya. Cikin fatar ja wur yake, babu alamar ɗashewa.

"Rufe mini ƙofa in ka fita. Turarenka yana damun ɓerayena."