Baƙon da Ke Ƙarƙashin Bargo

Bah Teibor yana kwance a kujerar bayan mota, lulluɓe da bargo tun daga kai har ƙafa, jitarsa a ƙirji, yana ta ƙyalƙyala dariya shi kaɗai. Dattijo mai shekara sittin da ɗaya fa! Ƙanwarsa Rilang ce ke tuƙi, bakinta jajir da goron da ake naɗewa a ganye.

"Yaya, ka sake ɗaga bargon nan, a titi zan sauke ka."

Ya koma ya lafe.

Shekara goma sha tara rabonsa da Donkupar. Tare suka kafa ƙungiyar kiɗan rok da ta hana birnin Shillong sakat a zamaninsu, Teibor a jita, Donkupar a waƙa. Abin da ya raba su ma abin kunya ne a faɗa: sunan wa zai zo farko a takardar talla. Daga cacar baki sai zagi, daga zagi sai rantsuwa. Teibor ya ce ba zai sake shiga inuwa ɗaya da mutumin nan ba sai in shi ya fara aiko masa.

Ga inda gizo ke saƙar: Donkupar ne mijin Rilang. Rilang kuwa auta ce, a al'adar ƙabilarmu kuma auta mace ke riƙe gidan uwa, mijinta ya tare a can. Wato da bakinsa Teibor ya kulle wa kansa ƙofar gidan da aka haife shi. Uwarsa mai shekara tamanin da takwas sai a bakin coci yake tare ta su gaisa kamar maƙwabta. Abin yana cin sa ƙwarai, girman kai ne ya hana shi faɗa.

Sati uku da suka wuce Rilang ta same shi a ƙauyen matarsa, ta ce za a yi gagarumin wasa a filin Polo, kuma ana son ya faɗo tsakiyar wasan Donkupar a matsayin baƙon ba-zata.

"Shi ya aiko ki? Da bakinsa?"

"Yaya, za ka zo ko in nemi wani mai jitar?"

Wani mai jitar? Tab! Nan take ya amince da sharuɗɗanta. Ba shiga gari. Waya kuma ta ƙwace, don a cewarta bakinsa ba ya riƙe magana. A ɗakin ajiyar dankali ya yi ta gwaji har yatsunsa suka fashe, yana murna kamar ango. Sau ɗaya ya fita sayen goro, mai goron ta washe baki ta ce, "Sai Asabar, Bah! Tikiti biyu na saya." Ya zaci asirin ya tonu, ya taho gida da sauri. Daga baya ya lallashi kansa cewa mai goron dama tun tana budurwa take haukan Donkupar.

Ƙarfe uku na rana Rilang ta shigar da shi wata rumfa a hagun dandamali. Yara ne ke ta dukan ganguna suna ɗumama fili. Ya kasa kunne, bai ji muryar Donkupar ba.

"Tattalin maƙogwaro yake yi, tsufa ne," in ji Rilang. "Da ka ji ganga ta buga sau huɗu, ka fito." Ta ruga ɓangaren dama da gudu, zaninta a hannu.

Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

Teibor ya yi tsalle ya dira a dandamali, gwiwarsa ta yi ƙara, bai ko kula ba. Filin ya kaure da ihu. Daga dama sai ga Donkupar, ya yi tumbi, furfurarsa a hargitse da zaren ulu maƙale a ciki, ya ɗaga hannuwa sama kamar mai jiran jama'a su suma. Suka haɗa ido. Teibor ya kaɗa tsirkiyar farko ta tsohuwar waƙarsu ta ruwan sama, Donkupar ya buɗe baki, shi ke nan, gari ya rikice. Malaman makaranta suna tsalle, direbobin tasi suna kuka, wani ɗan sanda ya cilla hularsa sama bai sake ganinta ba. A sahun gaba ga Inna, uwarsa, a kujerar roba, auduga a kunne, tana tafi ba a kan kiɗa ba.

Da waƙar ta ƙare daɗi ya kwashe Teibor. Ya fizgi makirufo ya daka ihu, "Inna! A ɗora shinkafa da nama, yau a gidanki zan ci abinci!"

"Ƙofa a buɗe take!" in ji Donkupar, hawaye shaɓe-shaɓe. Suka rungume juna. Inna ta cire audugar, aka maimaita mata, ta gyaɗa kai.

Cikin rungumar Teibor ya raɗa masa, "Tsohon banza, tun da ka aiko mini na yafe maka."

Donkupar ya ja baya. "Wa ya aiko? Kai ka aiko! Sati uku ina ɓoye a ƙauye ba waya, a ƙarƙashin bargo aka kawo ni, don kar a gane ni ne baƙon wasanka!"

Suka waiwaya tare. A bayansu wani ƙaton ƙyalle ne ɗauke da sunayensu biyu, an rubuta su a zagaye yadda ba mai iya cewa ga na farko. A gindinsa Rilang ce zaune tana naɗa sabon goro. Sati uku ke nan ana sayar da tikiti da sunayen nan, kuma cikin mutum dubu shida da suka cika filin, su biyu ne kaɗai aka yi wa ba-zata.